Shekarar IT a Babban Kamfanin Fasaha: Jagora ga Ɗalibin Sakkwato Daga Neman Gurbi Har Dawowa Gida

Ranar da muka gama jarrabawar ƙarshe ta ND, wato ƙaramar diflomar foliteknik, yawancin 'yan ajinmu shawara ɗaya suka yanke: a nemi shagon buga takardu ko ofishin wani ɗan uwa a cikin gari, a kai takardar IT, wato horon sanin makamar aiki, a buga mata hatimi, bayan shekara a koma a karɓi wasiƙar kammalawa. Ba na ganin laifin kowa, domin akwai wanda gida ya dogara da shi, akwai wanda ko kuɗin motar Birnin Kebbi ba zai iya haɗawa ba. Amma abin yana cina har yau, saboda na san yaran da suka fi ni kai nesa ba kusa ba, shekarar ta wuce su suna cika wa mutane fom ɗin JAMB.

Ni Allah ya nufa na yi tawa a wani babban kamfanin fasahar biyan kuɗi a Legas. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne yadda ake bin hanyar tun daga tushe, da wuraren da na ga ɗan Sakkwato ya fi yin tuntuɓe. Kuma tun yanzu in faɗa, babban tuntuɓen ba rashin ilimi ba ne. Shiru ne.

Fara da sanin irin shekarar da kake nema

Mutane suna haɗa abubuwa uku su kira su duka IT, alhali kowanne da ƙa'idarsa. Akwai SIWES, shirin horon ɗalibai a wurin aiki da ITF, hukumar horar da ma'aikata mai hedikwata a Jos, ta ƙirƙiro a 1973. Ɗalibin kimiyya ko injiniya a jami'a, kamar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato, yawanci wata shida yake yi a cikin karatunsa. Ɗalibin foliteknik kuwa yana yin wata huɗu bayan shekarar farko ta ND. Wannan shi ne mai logbuk, wato littafin rubuta aikin kullum, da fom-fom na ITF da malamin da ke zuwa dubiya.

Na biyu ita ce shekara guda cur da mai ND ke yi kafin a ɗauke shi HND, wato babbar difloma. Duk wanda ya fito daga Kwalejin Umaru Ali Shinkafi da ke Farfaru, ko Waziri Umaru ta Birnin Kebbi, ko ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, ya san ba a shiga HND sai da shaidar wannan shekara. A nan ba mai binka da sanda, kai ne za ka nema wa kanka wuri. Shi ya sa ta fi sauƙin salwanta, shi ya sa kuma ta fi kowacce albarka in an riƙe ta da kyau. Na uku ita ce shekarar bautar ƙasa, wadda mai digiri ko HND zai iya neman a tura shi kamfani ya yi ta.

In kana jami'a kuma kamfani ya ce shekara yake so, kada ka ɓace daga aji da sunan ka samu dama. Je wurin jami'in SIWES na sashenku da shugaban sashe, ka ji ko dokar makaranta ta yarda a jingine zango, kuma komai ya kasance a rubuce. In ba ta yarda ba, roƙi kamfanin ya karɓi wata shida. Digirinka ya fi gurbin.

Wata shida kafin ka nema

Ba a fafe gora ranar tafiya. Babban kamfani ba makaranta ba ce da za ta fara da kai daga baƙi da wasali; yana ɗaukar wanda ya riga ya kama hanya ne, ya ƙara masa. Don haka zaɓi layi ɗaya ka tsaya a kai. A 2024 NBTE, hukumar da ke kula da makarantun foliteknik, ta raba HND ta kimiyyar kwamfuta gida huɗu: ƙirƙirarriyar basira, netwok da ajiyar gajimare, ƙera manhaja da shafukan intanet, sai tsaron intanet da kare bayanai. Wannan rabon zai taimaka maka wajen zaɓi, tunda a ɗaya daga cikinsu za ka dawo ka zauna.

Mai son ƙera manhaja ya riƙe harshe ɗaya, Python ko JavaScript ko Java, ya iya SQL gwargwadon ciro bayanai daga tebur biyu ya haɗa su, ya saba da baƙin allon Linux da ake rubuta wa kwamfuta umarni a kansa, sannan ya iya Git. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi sakaci da shi a wurinmu, kuma shi za ka fara taɓawa ranar da ka shiga ofis, domin da shi kowa ke ajiye aikinsa ya haɗa da na 'yan uwansa. Mai son netwok ya bi darussan Cisco Networking Academy, ya yi ta gina hanyoyi a manhajar gwaji ta Packet Tracer har rabon adireshin IP ya zame masa kamar lissafin canji. Darussan freeCodeCamp kyauta ne, shirin koyar da fasaha na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 shi ma kyauta ne. Abin da zai ci maka kuɗi data ne da caji. Ni da dare nake sauke bidiyon darasi in garabasar data ta shigo, da rana in bi su ba tare da intanet ba.

Sai abin nunawa. Satifiket goma na kwas ɗin intanet ba su kai aiki ɗaya mai rai ba. Kada ka kwaikwayi manhajar lissafi da kowa ke kwafa daga YouTube. Waiwaya kusa da kai. Kawuna yana da shagon atamfa a babbar kasuwa, bashin da yake bin mutane yana cikin wani dogon littafi mai baƙin bango da ya fara yagewa. Na yi masa 'yar manhaja da ke riƙe sunan mai bashi da ranar alkawari, ta nuna wanda lokacinsa ya wuce. Ba ta da kyan gani, amma kawu ya yi amfani da ita, ya dawo min da ƙorafi: wani yana biya kashi-kashi, manhajar ba ta san da wannan ba. Na gyara. Wannan labarin gyaran shi ne abin da masu ganawa da ni suka fi tsayawa a kai. Kai ma akwai mai adashi a unguwarku, akwai Islamiyyar da ke haɗa sakamako da hannu, akwai dillalin albasa mai lissafin buhuna a bayan kwali. Zaɓi ɗaya, ka ɗora aikin a GitHub, shafin da masu ƙera manhaja ke ajiye aikinsu, ka rubuta bayaninsa da Turanci mai sauƙi: me yake yi, wa ke amfani da shi, yaya ake kunna shi.

Neman gurbin

Manyan wuraren yawanci Legas suke, kaɗan Abuja. Akwai kamfanonin sadarwa irin MTN da Airtel, da masu hasumiyoyin sadarwa irin IHS. Akwai na biyan kuɗi: Interswitch da aka kafa a 2002, Paystack da kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020, Flutterwave, da Moniepoint wanda na'urarsa ke gaban masu POS a kowane lungu na Sakkwato. A Abuja akwai Galaxy Backbone da hukumar NITDA. Sassan fasaha na manyan bankuna su ma wurin koyo ne na gaske. Ba kowanne ke ɗaukar ɗalibai a kowace shekara ba, don haka shafin guraben aiki na kamfanin da shafinsa na LinkedIn su ne abin dubawa, aƙalla sau ɗaya a mako. Fara nema wata uku ko huɗu kafin ranar da kake son farawa.

CV shafi ɗaya ya isa. Cire ƙaramar hukuma da addini da ranar haihuwa da jerin makarantun firamare. Aikinka ya zo sama, kafin ma sakamakon makaranta. Nawa na farko cewa ya yi ni mai ƙwazo ne, mai son koyo, na iya kwamfuta. Wanda aka kira ni a kansa cewa ya yi na ƙera manhajar riƙe bashi da Python da SQLite, wani ɗan kasuwa yana aiki da ita kullum, ga adireshinta. Buɗe imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ka ajiye CV ɗin a PDF, sunan fayil ɗin ya zama sunanka. Karɓi wasiƙar gabatarwa daga makaranta, ka ɗauki hotonta mai kyau, ka haɗa.

Zuwa da kai ya fi saƙo, amma in nisa ya hana, saƙon da ya bi ta hannun mutum ya fi wanda aka jefa a akwati. Nemi 'yan Arewa da ke aiki a kamfanin ta LinkedIn, musamman waɗanda suka fito daga makarantarku. Sai dai a nan al'adarmu ta doguwar gaisuwa tana cutar da mu. Kada ka tura sallama kaɗai ka zauna jiran a amsa kafin ka faɗi buƙata. Mutumin yana cikin aiki, bai san ka ba, zai wuce. Haɗa komai a saƙo ɗaya: sallama, ko kai wane ne, abin da ka gina, abin da kake nema da ranar da za ka iya farawa. Kada ka ce ya taimake ka don Allah da ko wane irin aiki. Tambaye shi ko sashensu na ɗaukar 'yan IT, kuma wa ya kamata ka rubuta wa.

Da yawa ba za su amsa ba. Ni na yi wata biyu ba wanda ya ce min ko ci kanka. Bayan mako biyu ka sake tuntuɓa sau ɗaya cikin ladabi, in shiru, ka wuce gaba.

Hattara da 'yan damfara. Kamfanin kirki ba ya karɓar kuɗin fom, ko na horo, ko na katin shaida kafin ya ɗauke ka. Duba adireshin da imel ya fito: in sunan babban kamfani ne a sama amma ƙarshensa na Gmail ne, share shi. Kada ka ba kowa lambar sirrin da banki ya turo maka. Kuma kada ka hau mota zuwa wani gari saboda saƙon WhatsApp, sai da wasiƙar ɗauka mai adireshin da ka tabbatar.

Ganawar yawanci ta bidiyo ce, wani lokaci bayan gwajin rubuta kod mai ƙayyadadden lokaci. Kwana ɗaya kafin ranar, gwada wurin da za ka zauna a daidai wannan sa'ar, ka cika caji, ka tanadi layi na biyu. In an yi maka tambayar da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka bi ka gano. In an ba ka matsala ka warware, yi tunaninka a fili, domin hanyar da ka bi suke son ji fiye da amsar. Kada harshenka ya dame ka. A ofishinmu kowa da irin Turancinsa, ba wanda ya taɓa tsayawa a kan nawa.

Zancen gida, masauki da hanya

Wannan matakin ba ya cikin jagororin da ake rubutawa a waje, amma a wurinmu shi ne ƙofa. Na samu Baba a zaure bayan Isha'i da wasiƙar a hannu. Ya sa tabarau ya juya ta gaba da baya, bai tambayi sunan kamfanin ba, bai tambayi ko nawa za a biya ni ba. Cewa ya yi, "Wa ka sani can? Wurin wa za ka sabka?" Ba ni da amsa a daren, shi ma bai ce komai ba. Sai da na yi kwana huɗu ina bin dangi har aka samo wani abokin kasuwancin kawu da ke zaune a Agege, suka yi waya da Baba, sannan ya ce, "To, Allah shi yi albarka." Kada ka je wa iyaye da sunan kamfani kawai. Je musu da sunan mutumin da zai riƙe ka, da unguwar, da lissafin abin da za ka ci.

Ga 'yan uwana mata, wannan ƙofa ta fi nauyi, kuma ba na ganin daidai ne a ce musu su yi fito-na-fito da gida. Abin da na ga ya yi aiki shi ne a fara da garin da ake da muharrami ko gwaggo, sau da yawa Abuja ko Kaduna, a sa wani babba da ake jin maganarsa ya yi bayani, kuma a tambayi kamfani tun farko ko yana barin aiki daga gida. Akwai kuma Outreachy, shirin aikin manhaja na wata uku da ake yi daga gida ana biya, da Google Summer of Code. Ba su cika shekara ba, amma suna buɗe ido, suna kuma ƙara wa CV nauyi. Hijabi bai hana kowa aiki a inda na zauna ba.

Kafin ka amsa tayin, tambayi abu huɗu a rubuce: nawa ne alawus kuma yaushe ake biya, ko za a ba ka laftof, kwana nawa ake zuwa ofis a mako, da ko akwai kulawar asibiti. Wannan ba rashin kunya ba ne, sashen kula da ma'aikata ya saba da shi. Sannan ka yi lissafi na gaskiya. A Legas hayar shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin ejan da na yarjejeniya a kai, alawus ɗin ɗalibi ba zai ɗauki wannan ba. Mafita ita ce zama da 'yan uwa a Agege, Idi-Araba, Obalende ko Mile 12, ko haɗa ɗaki da wasu 'yan IT. Tafi da guzurin wata biyu, don alawus na farko yakan yi jinkiri.

Auna nisan masauki da ofis da sa'o'i, ba da kilomita ba. Wanda ya saba hawa kabu-kabu daga Mabera zuwa Arkilla cikin 'yan mintoci ba zai gane cunkoson gadar Third Mainland ba sai ya shiga. Ni da na idar da Asuba nake fita. Sayi katin Cowry na shiga manyan motocin bas na BRT. Yanzu kuma akwai layin dogo na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana bi ta Agege da Ikeja da Yaba, ya rage wahala ga mai zama ta wannan ɓangaren.

Hanyar mota daga Sakkwato ta kai wajen kilomita 1,000: Tambuwal, Jega, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, Jebba, Ilori, Badun, sannan Legas. Tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a makon da za ka tafi, ka shiga mota a cikin tasha, ka bar wa gida lambarta. Takardunka na asali su zauna gida, kwafi ya ishe ka. Ka riƙe gidan sauro da leda mai kauri ta naɗe laftof, domin zafinmu busasshe ne, nasu mai gumi ne, ruwan sama kuma ba ya sallama.

Makonnin farko, da maganar shiru

Ranar farko takardu ce: katin shiga, imel na kamfani, yarjejeniyar riƙe sirri da za ka sa wa hannu. Karanta ta. In SIWES kake yi, a makon nan za ka cika fom ɗin fara aiki ka kai ofishin ITF mafi kusa, ka sanar da makaranta adireshinka. Za a haɗa ka da ogan da zai kula da kai, a ce ka shirya kwamfutarka ta iya kunna manhajar kamfanin.

A nan na yi kuskuren da ya fi kowanne yi min ciwo. Manhajar ta ƙi tashi a kwamfutata, tana fitar da wani jan rubutu. Kwana uku ina fama ni kaɗai. Kullum da safe akwai gajeren taron da ake yi a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da na yau, da abin da ya tare shi. In an zo kaina sai in ce komai lafiya. A gida an koya mana ba a katse babba, ba a yawan tambaya, ba a nuna gazawa a gaban mutane, kuma tarbiyya ce mai kyau da nake alfahari da ita. A rana ta huɗu ogata, wata baiwar Allah mai haƙuri, ta jawo kujera ta zauna kusa da ni ta dubi allon. Cikin minti biyar ta gano cewa wani izini ne ba a buɗe min ba, abin da ko shekara zan yi ba zan iya gyarawa da kaina ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in na ce lafiya, ita ta ɗauka lafiya ne, ba ta da wata hanyar sani; kwana ukun nan ba nawa ba ne ni kaɗai, na ƙungiya ne.

Daga ranar na kafa wa kaina doka, kuma ita nake ba kowa. In abu ya tare ka, yi ƙoƙarinka na minti talatin zuwa awa ɗaya: karanta jan rubutun da kyau, bincika shi, duba takardun bayanin kamfani. In bai warware ba, tambaya. Matambayi ba ya ɓata, amma tambayar ma tana da ladabinta. Kada ka rubuta "ba ya aiki" ka tsaya. Rubuta abin da kake son yi, abin da ka gwada, abin da ya fito, ka liƙa hoton allon. Ka tura a zauren ƙungiya na manhajar hirar ofis, Slack ko Teams, inda kowa zai gani, sai dai in abin sirri ne. Mai amsa zai ga ka girmama lokacinsa, wannan kuwa shi ne ainihin ladabi a wurin.

Haka zancen suna. Za ka ji yaro yana kiran shugaban sashe da sunansa tsirara. Bakina bai taɓa iya wannan ba, kuma ba wanda ya tilasta min. Na ci gaba da gaishe da manya yadda na saba, sun kuma ji daɗi. Abin da za ka sauke shi ne sunkuyar da kai a taro. In an tambayi ra'ayinka, ana so a ji ne da gaske.

Za a fara ba ka ƙananan tikiti, wato ayyukan da aka rubuta suna jiran mai yi: gyara rubutu, ƙara gwaji, toshe ɗan kuskure. Kada ka raina. Duk gyaran da ka yi, sai wani ya duba kafin a haɗe shi da babban aiki, kuma zai dawo da tsokaci, wani lokaci fiye da layukan da ka rubuta. Na farko da ya dawo min haka, jikina ya yi sanyi, na ɗauka an ƙi aikina. Daga baya na ga na manyan injiniyoyi ma haka ake yi masa. Amsa kowane tsokaci, wanda ba ka gane dalilinsa ba ka tambaya. A wannan bitar na koyi fiye da rabin abin da na dawo da shi.

Tsakiyar shekara

Sayi littafi mai kauri, ko logbuk na makaranta na nan ko babu. Kowace yamma layi uku: abin da na yi, abin da na koya, abin da ban gane ba. Kada ka rubuta "na yi aiki a kan manhaja". Rubuta "na gano dalilin da ya sa rasit ke fita sau biyu in netwok ya yanke, na gyara, an haɗe ranar Laraba". Logbuk kuma a sa masa hannu mako-mako, kada ka tara na wata uku ka kai wa oga rana ɗaya.

Roƙi ganawa ta minti goma sha biyar da oganka duk mako biyu. A wata na uku ka tambaye shi kai tsaye: me zan gyara? A wata na huɗu ko na biyar ka nemi a damƙa maka abu ɗaya, komai ƙanƙantarsa, wanda kai za ka ɗauka daga farko har ya isa hannun masu amfani. In ka ga an mayar da kai ɗan aiken sayo abinci da ɗaukar kwafi, kada ka yi fushi, kada kuma ka haɗiye. Yi aiken, sannan ka je da takamaiman roƙo: ga tikiti kaza na gani ba mai shi, a ba ni in gwada.

Amana ita ce jarinka. Za ka iya ganin sunaye da lambobin waya da hada-hadar kuɗin mutane. Kada ka leƙa asusun wanda ka sani, ko da ɗan uwa ne ya kira ya ce kuɗinsa sun maƙale ka duba masa. Nuna masa hanyar kai ƙorafi. Kada ka ɗauki hoton allo ka sa a WhatsApp, kada ka kwafi kod na kamfani zuwa GitHub naka, kada ka zuba shi a manhajar ƙirƙirarriyar basira sai da izini. Na'urorin kamfani suna rubuta wanda ya buɗe me da ƙarfe nawa, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023.

Sallah kuwa, faɗa tun makon farko. Na gaya wa ogata ina fita Azahar da La'asar na 'yan mintoci, ranar Juma'a kuma ina buƙatar lokacin masallaci, ta sa a kalanda kada a ɗora min taro a lokacin. Kafin azumi na roƙi in riƙa shigowa da wuri in tashi da wuri. In kana son zuwa gida Sallah, nemi izini wata guda kafin, ka gama abin da ke hannunka. Ka riƙa kiran Inna ko ba labari. Muryarka take so, kuma a wata na biyar, lokacin da kewar fura da iskar gida ta taso, kai ma za ka buƙaci tata.

Wata uku na ƙarshe

Tun a wata na tara ka buɗe littafinka ka tsamo ayyuka uku ko huɗu da suka fi nauyi, ka sabunta CV da su ba tare da tona sirrin kamfani ba. Tambayi oganka abin da ya halatta ka faɗa a waje. Gaya masa shirinka a fili: za ka koma HND ko jami'a, kana son sanin ko akwai damar ci gaba da aiki daga gida, ko dawowa lokacin bautar ƙasa. In an yi maka tayin zama dindindin ka bar karatu, kai maganar gida a zauna a kanta; ni dai shawarata a kammala karatun, a roƙi kamfani ya bar ƙofa a buɗe.

Nemi wasiƙar kammalawa wata guda kafin ranar tafiya, domin tana bin hannaye da yawa. Ta kasance a takardar kamfani mai tambari, da sunanka yadda yake a sakamakonka, da ranar farawa da ta gamawa da suka cika wata goma sha biyu, da sa hannu da hatimi. Mai SIWES ya tabbatar an cike masa Fom 8 na ITF, wato rahoton ƙarshen horo. Ban da wannan, roƙi oganka wasiƙar shaida ta daban wadda ke faɗin abin da ka yi, ka karɓi imel ɗinsa na kansa, tunda mutane suna canja wurin aiki.

A makon ƙarshe rubuta bayanin miƙa aiki: abin da ka gama, abin da ya rage, inda komai yake, don ɗan IT da zai gaje ka. Mayar da laftof da katin shiga, ka karɓi shaidar ka mayar. Bi teburin kowa ka yi sallama, har masu gadi da masu shara. Kafin ka nufi tasha, ɗauki hoton wasiƙun nan biyu ka tura wa imel ɗinka, ka yi kwafi uku, na asalin ka sa a leda a ƙasan jaka.